Rumbu da Buhun Zamani: Abin da Ya Ɗore da Abin da Ya Sauya a Ajiyar Hatsi

Gabatarwa

Noma ba ya ƙarewa a ranar girbi. Hatsin da aka sha wahalar nomawa a cikin watanni huɗu na damina sai ya ciyar da iyali har wata kakar, kuma a tsakanin nan ne ƙwari, ɓeraye, gara da danshi suke cin rabonsu. Kakanninmu sun tari wannan matsala da rumbu, da toka, da tulun da aka liƙe bakinsa. A yau an samu buhunan leda, durom da magungunan ƙwari. Wannan bayani zai taimaka wa malaman gona da manoma su gane dalilin da ya sa tsohuwar dabara ta ɗore, inda ta gaza, da kuma yadda za a zaɓi wadda ta dace da kowane irin amfani.

Dalilin da ya sa rumbu ya ɗore

Rumbun ƙasa, ko rufewa, ya daɗe ne saboda kowane sashe nasa yana da aikin da yake yi. Ana ɗora shi a kan duwatsu don kada laimar ƙasa ta hau shi, gara kuma ta sha wuyar isa gare shi. Katangar laka da aka cuɗa da ciyawa tana jinkirta shigar zafin rana, saboda haka hatsi ba ya yin gumi. Jinka tana kare yaɓe daga ruwan sama. Sannan gero da dawa ana zuba su ne dami-dami, ba a sussuke su ba, don haka iska tana ratsa zangarniya, ƙaiƙayi kuma yana rage wa ƙwaro hanyar kai wa ga tsaba.

Bayan haka, kayan gininsa duk a ƙauye suke, maginin ma maƙwabci ne. Rumbun da ake sabunta wa jinka, ake kuma liƙe tsagarsa kafin damina, yakan yi shekaru masu yawa, har ɗa ya gaje shi. Fasahar da manomi zai iya gyarawa da hannunsa ba tare da jiran kaya daga birni ba, ita ce take daɗewa.

Abubuwan da suka sauya

Rumbun yana nan yadda yake, amma abin da ake zuba masa da yadda ake rayuwa sun sauya ta hanyoyi uku.

Na farko, amfanin gona. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 masara ta bazu a yankunan da a da gero da dawa suka fi yawa, sakamakon samun ingantaccen iri da takin zamani. Masara kuwa tana da saurin kama ƙwaro da fumfuna idan ba ta bushe sosai ba. An kuma samu sabon maƙiyi, wani ƙwaro mai huda masara da busasshen rogo wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne. Ya bayyana a Togo a 1984, daga baya ya iso Nijeriya. Yana huda goyon masara, har da itacen da aka gina ma'ajiya da shi.

Na biyu, injin sussuka da kasuwa. Yanzu a wuni guda ake casa hatsin da a da mata kan ɗauki watanni suna sussukawa kaɗan-kaɗan a turmi. Wannan ya rage wa mata wahala ƙwarai, amma tsabar da aka raba da ƙaiƙayinta ta rasa kariya, kuma a buhu ake auna ta, a buhu ake sayar da ita.

Na uku, tsaro. Manoma da yawa sun fi samun kwanciyar hankali su ajiye buhuna a ɗaki mai kwaɗo maimakon rumbu a waje. Buhun saƙa na yau da kullum kuwa ba ya tare ƙwaro ko kaɗan.

Wake: inda matsalar ta fi tsanani

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma wake shi ne ya fi wuyar ajiya. Ƙwaron wake yana fara kama shi tun a gona. Macen tana liƙa ƙwai a jikin tsaba, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci, bayan makonni 3 zuwa 4 ta fito a matsayin sabon ƙwaro. A cikin 'yan watanni sai buhu ya koma huji da gari. Tsoron wannan ne yake sa manomi ya sayar da wakensa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, ya dawo da bazara ya sayi na ci da na shuka da tsada.

Da magungunan ƙwari suka shigo, mutane da yawa sun ɗauka an huta. Amma zuba su barkatai ya jawo hasarar lafiya da rayuka. A 2008, bayan mutane sun kwanta asibiti a jihohin Gombe da Kuros Riba sakamakon cin wake mai guba, hukumar NAFDAC ta haramta wasu magungunan gona 30, ciki har da sinadarin da ke cikin Gammalin. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi. Bai halatta a yayyafa fiya-fiya ko wani maganin feshin gona a kan abinci ba. Ƙwayar Phostoxin kuma hayaƙinta yana kisa, don haka wanda aka horar ne kawai zai yi aiki da ita, kuma ba a ɗakin da ake kwana ba.

Tsohuwar hikima a sabon buhu

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tun da daɗewa mata suna zuba irin wake a tulu su liƙe bakinsa da laka, wasu yankunan kuma ana binne hatsi a rami. Sirrin duka ɗaya ne: hana iska shiga. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a ƙasar Kamaru suka gwada wannan dabara da leda. Daga nan aka samu buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2007.

Buhun ruɓi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su ne suke shaƙe 'yar iskar da ta rage. Da ta yi ƙaranci sai su daina ci da haihuwa, jikinsu ya bushe su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan, kuma ana iya dafa waken a ranar da aka buɗe. Durom ko jarka mai murfi da ba ya yoyon iska ma haka suke aiki, muddin an cika su taf.

Sai dai buhun ba shi da tsawon ran rumbu. Idan an kula da shi yakan yi kaka uku ko makamancin haka, amma huji ɗaya na ɓera ko tsinke ya isa ya ɓata aikinsa, kuma kuɗi ake sa wa a sayi wani.

Matakan da za a bi

1. A busar da amfani sosai. Danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Don gwaji, a zuba tsaba a busasshiyar kwalba, a ƙara busasshen gishiri cokali 2, a rufe a girgiza, a jira minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, a koma shanya.
2. A sheƙe, a tsince tsakuwa da tsinke kafin a zuba a leda.
3. A duba kowace leda ta hanyar cika ta da iska a matsa. Wadda take yoyo a ware ta.
4. A matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai.
5. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, ba a cikin rana ba. Kada a riƙa buɗewa. Na cin yau da kullum a ware shi daban.
6. Kafin a zuba sabon hatsi a rumbu, a kwashe tsohon, a share, a ƙona sharar, a liƙe duk wata tsaga.

Zaɓen abin da ya dace

Gero da dawa a dami, a yankin da rani yake da tsawo, rumbun ƙasa ya wadatar. A wurare masu laima kamar Kwara, Oyo da kudancin Neja, inda ake girbe masara ana tsakar ruwa, ma'ajiya mai shan iska ta fi dacewa: siririya, an ɗaga ta kimanin mita 1 daga ƙasa, an sa wa ƙafafunta kwanon da ke hana ɓera hawa. Sai masarar ta bushe a cikinta sannan a ɓare a zuba a buhu. Wake da sauran tsabar da za a ajiye don sayarwa, buhun leda ko durom. Irin shuka ɗan kaɗan kuwa, hanyar toka tana nan da amfaninta: mudun tankaɗaɗɗiyar toka ga mudun wake, a cuɗa a tulu, a rufe samansa da ƙarin toka.

Kammalawa

Ya kamata malamin gona, kafin ya ba da shawara, ya tambayi manomi abin da yake nomawa, tsawon lokacin da zai ajiye, da abin da aljihunsa zai ɗauka. Sau da yawa gida ɗaya yana buƙatar rumbu da buhu a tare. Ana kuma shawartar ƙungiyoyin manoma su ɗaure buhu ɗaya a gaban jama'a da kaka, su ajiye wani buhun saƙa kusa da shi, sannan a buɗe duka biyun bayan watanni 4 zuwa 6, kowa ya ga bambancin da idonsa.