Ina Ruwan Zafin Tsibirin Haida Ya Tafi?

A gaɓar yammacin Kanada, cikin tsibiran Haida Gwaii, akwai gandun daji mai suna Gwaii Haanas. Babu titin mota da ya kai can, sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan teku. A ciki akwai wani ɗan tsibiri inda ruwan zafi ke tsattsafowa daga duwatsu, wani ɗumi-ɗumi, wani kuwa a da zafinsa kan haura digiri 70. Tun kaka da kakanni mutanen Haida ke wanka a wurin don neman lafiya, kuma har yau 'ya'yansu ne ke gadinsa suna tarbar baƙi.

A daren 27 ga Oktoban 2012 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta auku a yankin. Da jami'an gandun suka isa tsibirin bayan 'yan kwanaki, sai suka tarar da tafkunan wankan sun ƙafe ƙaf, duwatsun sun yi sanyi. Ina ruwan ya shiga?

Fari ba zai zama dalili ba, domin yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Kanada. Ko wutar da ke ƙasa ce ta mutu? Wannan ma bai yiwuwa. Ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagogin dutse, ya yi zurfi har inda ƙasa ke da zafi, sannan matsi ya turo shi sama. Zafin cikin ƙasa kuwa ba ya gushewa a dare ɗaya. Saura hanyar da ruwan ke bi.

A nan aikin binciken ya burge ni, don an yi shi da haƙuri. Aka dasa na'urorin auna zafi a wurare daban-daban, aka yi ta komawa ana dubawa. Bayan 'yan watanni aka ga ruwan ɗumi yana fitowa can ƙasa a bakin teku, wurin da ke nutsewa idan teku ta cika. Ashe ruwan na nan, hawa tudu ne ya gagare shi. Kamar bututun famfo ne da ya fashe a gindin gida: ƙasa ta jiƙe, mai bene bai ga ko ɗigo ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ke nan, cewa girgizar ta sauya tsagogin, matsin ya faɗi.

In haka ne, ruwan zai riƙa hawa yayin da matsin ke dawowa. Hakan kuwa aka gani. A 2015 ya sake ɓulla a saman iyakar da teku ke kaiwa, aka gina sababbin tafkuna daidai inda ya zaɓi fitowa, kuma a 2017 baƙi suka koma wanka.