Yaro Mai Naƙasa da Rabonsa a Dandali

Masana tarbiyya, na da da na yanzu, sun yi ittifaƙi a kan cewa wasa ba shagala ba ce ga yaro, domin a dandali yake koyon jiran layi, da haƙuri idan an kayar da shi, da adalci idan shi ya yi kaye. Saboda haka yaron da aka hana wa langa da gaɗa da ɓuya, don kawai ƙafarsa ta shanye ko idonsa ya rufe ko kunnensa ba ya ji, an tauye masa wani sashe na ilmi wanda babu malamin da zai iya biya masa shi a aji.

Galibi shingen farko a ƙofar gida yake. Wata uwar tana tsare ɗanta a ɗaki saboda tausayi, tana tsoron kada a ture shi ko a yi masa ba'a, wata kuwa kunya ce take hana ta, domin har yanzu akwai masu jingina lalurar ga iskoki ko sammu. Inda talauci ya yi tsanani, lokacin da sa'o'in yaron suke wasa shi ne lokacin da ake tura shi bara a bakin kasuwa. Idan ma ya fita, ga rairayi mai kama ƙafar keke, ga kwatami a buɗe, ga matakalar makaranta. Ɗiya mace kuwa, wadda ko lafiyarta ƙalau ba a cika sakar mata mara ba, shingenta ya zama biyu.

Dokoki dai akwai su. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ambaci haƙƙin waɗannan yara na wasa da nishaɗi daidai da sauran yara, Nijeriya ta amince da ita a 2010, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigansu. Wa'adin ya cika, mai ido kuwa ya ga abin da aka gyara.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi, wanda shi kansa shan inna ta taɓa, ya ƙirƙiro a 1988. Hikimarsa ita ce bai jira a kawo kaya daga Turai ba, sai ya dubi ɗan katakon nan mai ƙananan tayoyi, wanda jama'a ba su san shi da komai ba sai gungurawa tsakanin motoci ana miƙa hannu, ya mai da shi abin tsere a kan daɓen siminti, 'yan wasa suna zaune a kai suna dukan ƙwallo da hannu, da sauri da juyi irin wanda mai ƙafa biyu ba zai iya kwaikwaya ba. Akan shirya gasarta daidai da ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. A ganina fa'idarta mafi girma tana ga ƙaramin yaron da ke bakin fili yana kallo, wanda ya taso yana jin ana ce masa "Allah sarki", yau ga irinsa ana yi wa tafi da kirari.

Makafi ma suna da tasu ƙwallon, mai ƙararrawa a ciki, mutum uku-uku a kowane ɓangare, wadda aka ƙirƙiro a 1946 domin sojojin da suka makance a yaƙi, kuma sharaɗinta shi ne 'yan kallo su yi tsit. Amma mafi yawan abin da yaran unguwa suke buƙata bai kai haka tsada ba: dara da tatsuniya da kacici-kacici ba su tambayar ƙafa, kurma yana bin tashe da idonsa, kuma kwalba da 'yan tsakuwa a ciki ta isa ta shigar da makaho wasa, muddin babban yaron da ke raba 'yan wasa ya ƙidaya da shi.