Magani Kyauta Ne, Amma Wa Zai Kai Shi Ƙauye?

Waɗanda a cikinmu suka girma a bakin kogunan Taraba sun san wannan abu da idonsu: yaro a gaba riƙe da sanda, dattijo a baya riƙe da ɗaya bakin, ana jan sa zuwa kasuwa. Makantar kogi ke nan. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ne yake kawo ta. In ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa a jiki, ƙaiƙayi ya hana shi barci, fata ta lalace, a ƙarshe ido ya tafi.

Tun 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta har sai an ga bayan cutar. To, amma ƙwayar magani ba ta da ƙafa. Sai an sami babur da mai, an horar da masu rabawa waɗanda ƙauye da kansa yake zaɓa, an ba su littafin rajista da sandar awo, gama da tsawon mutum ake sanin ƙwaya nawa zai sha. Kuma ba sau ɗaya ba ne. Maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana iya kai shekara 15 a jiki, saboda haka kowace shekara sai an koma.

Wa ke biyan wannan ɗawainiya? Gwamnati tana da nata kason, amma kaso mai yawa daga masu kyauta da gidauniyoyi masu zaman kansu yake fitowa. Gidauniya dukiya ce da mutum ko iyali suka keɓe, ana juya ta, abin da ta haifa a raba wa ƙungiyoyin da ke aikin jinƙai. Misali na kusa da mu shi ne Gidauniyar T. Y. Ɗanjuma, wadda Janar Theophilus Ɗanjuma, mutumin Takum, ya kafa a 2009 da dala miliyan 100. Tsarinta shi ne ta tallafa wa ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da ilimi, su yi aikin. Cikinsu akwai MITOSATH ta Jos, wadda ta daɗe tana yaƙi da makantar kogi a Taraba.

In tallafi ya ɗore, ana ganin amfaninsa. A Filato da Nasarawa, inda Cibiyar Carter ta yi shekaru tana aiki da ma'aikatun lafiya, an daina rabon maganin a 2018 ga mutum fiye da miliyan 2, domin cutar ta daina yaɗuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, da Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, a 2025, ƙungiyoyi da yawa sun juya ga gidauniyoyi, har da ƙananan asibitoci da gidajen marayu na ikilisiyoyinmu. Ƙofar ɗaya ce, masu ƙwanƙwasawa sun ƙaru.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da wannan kuɗi. Yawancin tallafi na shekara ɗaya ne zuwa uku, alhali ciwon da ake yaƙa yana iya cin shekara 15. Masu bayarwa kuma sun fi son abin da ake ƙirgawa: ido nawa aka yi wa aiki, rijiya nawa aka haƙa. Albashin ungozoma, man janareta da rufin ɗakin haihuwa mai yoyo ba su cika samun mai ɗauka ba, ga shi kuwa su ne ke riƙe asibiti. Mun ga an buɗe gini da tafi da kiɗa, bayan shekara biyu jemagu ne a ciki.

Amma wani laifin namu ne. Sau da yawa aikin ƙauye yana da kyau, takarda ce babu. Mai ba da tallafi zai nemi shaidar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, da asusun banki da sunan aikin, ba na fasto ba, ba kuma wanda ake zuba baiko a ciki ba. Zai nemi lissafin da mai binciken kuɗi ya duba, da rajistar marasa lafiya, ya kuma tabbatar ana kula da kowa ba tare da tambayar addininsa ba. Majalisar ikilisiyar da take son nema gara ta fara tara rasit da rubuta lissafin wata-wata tun bana.

A kula kuma da masu yawo da jaka ko masu aiko saƙo ta waya, suna cewa a biya kuɗin fom za su samo tallafin Turawa. Gidauniyar ƙwarai tana shelar lokacin karɓar takardu a fili, ba ta karɓar ko kwabo daga mai nema.