Masu Rubuta Manhaja da ke Hutawa a Kan Babur

[Sautin tayar da babur, sai ya lafa a hankali]

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa rayuwar wasu ma'aikata ne da kowa ke cin moriyar guminsu, amma ba kasafai ake ganin fuskokinsu ba, wato masu rubuta manhaja. Hajiya, kuɗin cefanen da aka turo miki ta waya ɗazu, akwai wanda ya zauna ya rubuta umarnin da ya kawo su, layi bayan layi. To a cikin waɗannan mutane akwai waɗanda da zarar sun sami sarari sai su rufe kwamfuta, su ɗaure jaka a bayan babur, su kama hanya ta ɗaruruwan kilomita. Me ya haɗa zaman kujera da bin kwalta?

Mu fara da yininsu. A finafinai ana nuna su suna ta dukan madannai kamar ana kora su. A zahiri karatu ya fi rubutu yawa a wannan sana'a. Da safe akan yi ɗan taro na kimanin minti 15, a wasu wurare ma a tsaye don kada a ja zance: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka gaba? Daga nan kowa ya koma mazauninsa, sau da yawa ya duƙufa kan rubutun da wani ya yi shekarun baya, mai rubutun kuwa ya daɗe da barin kamfanin. Duk gyaran da ya yi sai ya adana shi a Git, manhajar da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙiro a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi. Kuma ba a sakin gyaran sai abokin aiki ya duba ya amince.

Wannan taka-tsantsan ba a banza ake yin sa ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a wasu bankuna da asibitoci. Shi ya sa a kamfanoni da dama ake raba kwanan gadi: wanda makonsa ya zo, da wayarsa a gefen matashi yake kwana, ko ƙarfe uku na dare manhaja ta faɗi shi za a tasa.

Amma inda ake gane gwani shi ne wajen farautar matsala. A ce manhaja tana aiki lafiya lau watan jiya, yau ta ƙi, kuma a tsakani an yi canje-canje 1,000. Mai gaggawa zai hau taɓa nan, ya taɓa can, har ya ƙara dagula lamarin. Gwani kuwa tsakiyar tarihin zai je, ya gwada. Idan a nan lafiya take, ya san ɓarnar tana gaba. Idan ta lalace, tana baya. Ya sake raba ragowar biyu, ya sake rabawa. Cikin gwaji kamar 10 ya kama canjin da ya jawo abin. Kamar dai mai faci ne da ke tsoma tif cikin ruwa sashe-sashe har ya ga inda kumfa ke fitowa.

[Ɗan kiɗa]

Wannan hali na bin matsala a sannu shi ne ya kai mu ga wani Ba'amurke, Robert Pirsig, haifaffen birnin Minneapolis a 1928. Shi ba manhaja yake rubutawa ba, littattafan bayanin yadda ake aiki da kwamfuta yake rubuta wa kamfanoni, a zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. A bazarar 1968 ya goya ɗansa Chris mai shekara 11 a kan wata ƙaramar Honda Super Hawk, suka tashi daga Minnesota, suka ratsa jihohin Dakota da Montana, har gaɓar teku a Kalifoniya. Labarin tafiyar ne ya zama littafinsa Zen and the Art of Motorcycle Maintenance. Da tsakar dare yake tashi ya yi rubutun, gari ya waye ya tafi ofis. Ya ce masu ɗab'i 121 ne suka ƙi karɓa kafin ya fito a 1974, daga baya aka sayar da miliyoyinsa. Ya rasu a 2017, babur ɗin kuma yana hannun gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.

Abin da ya sa masu rubuta manhaja da yawa ke ƙaunar littafin, a ganina, shi ne yadda ya bayyana gyaran inji. Idan babur ya ƙi tashi, kada ka ce ka san dalili. Rubuta abin da idonka ya gani, ka kawo zato ɗaya, ka gwada shi kaɗai. Kana zargin batir? Danna hon ka ji. Ya yi ƙara, to amsar tambayar batir kawai ka samu, ba ta fulogi ko kabureta ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure a manhaja zai ga aikinsa ne ake siffantawa.

Sai dai akwai abin da hanya ke bayarwa wanda allo ba ya da shi. Aikin manhaja ba shi da nauyi a hannu, ba shi da ƙamshi, kuma ba ya ƙarewa. Ka rufe matsala ɗaya, uku na jira. Ga saƙonni na shigowa, ga taro, hankali a rarrabe. A kan babur kuwa hannu biyu na kan aiki, ƙafa biyu ma haka, ido na kan kwana ta gaba. Ba damar duba waya. Jikin da ya yini a lanƙwashe sai ya ji sanyin kwari da zafin fili, ya ji ƙamshin ƙasa in hadari ya taso. Ni dai ba na ɗaukar wannan a matsayin gudun aiki. Mutum ne da sana'arsa ke cin hankalinsa, ya samo wurin da hankalin zai tattaru wuri guda.

Kuma ba hawa kawai ake yi a tafi ba. Tun ana saura kwanaki mai tafiyar zai yi musayar kwanan gadi da abokin aiki, kada a neme shi yana tsakiyar daji babu sabis. Zai sauke taswira a waya, ya duba iskar taya da birki, ya ja sarƙa ya shafa mata mai, ya canza baƙin mai. A jaka akwai sufana, da kayan faci, da rigar ruwa. Wasu sukan ɗauki kwamfutar, su yi aikin safe a masauki sannan su ci gaba da tafiya. Wasu kuma da gangan suke barin ta a gida.

Matasanmu da ke wannan sana'a a Kano da Kaduna da Jos, waɗanda wasunsu daga ɗaki suke yi wa kamfanonin waje aiki, idan sha'awar ta kama ku, ku tambayi halin tsaron hanya wajen direbobin tasha kafin ku tashi, ku yi tafiyar da rana, ku sanar da gida inda za ku kwana. Hular kwano kuma a ɗaure ta a haɓa, ba a rataye ta a madubi ba.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]