Ciwon Suga: Suna Ɗaya, Cuta Iri-iri

Likita ɗaya zai duba mutum biyu masu ciwon suga, ya rubuta musu metformin iri ɗaya, bayan wata uku sugan wannan ya sauka, na wancan kuwa ko gezau. Nan da nan sai a ce na biyun bai kiyaye abinci ba, ko kuma jabun magani ya saya. Duka biyun suna faruwa, amma ba su ne tushen maganar ba. Hawan suga a jini alama ce, kamar zazzaɓi, wanda maleriya ke kawowa, taifot ma ke kawowa, kuma kowanne da maganinsa. A jikin wani, garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin gaɓar fankiriyas masu samar da insulin, wato nau'i na 1, kuma babu ƙwayar da za ta maye masa gurbin allurar insulin. A jikin wani kuwa insulin ɗin yana nan, jikin ne ya daina amsa masa, wato nau'i na 2, musamman idan kitse ya taru a hanta da tumbi. Metformin rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini yake yi, glibenclamide kuwa matsa wa fankiriyas yake ta ƙara fitar da insulin. Idan fankiriyas ɗin ta riga ta gaji, me za a matsa?

Ko abin da ake kira nau'i na 2 ba abu guda ba ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun nazarci dubban manya da aka gano suna da ciwon, suka kasa su gida biyar. Waɗanda jikinsu ya fi bijire wa insulin sun fi kamuwa da ciwon ƙoda, waɗanda insulin ya yi wa ƙaranci sosai kuwa ciwon ya fi taɓa musu ido. Gado ma yana da hannu, kuma a nan hujjar ta fi ƙarfi. Binciken da likitocin Exeter a Ingila suka jagoranta ya nuna a 2006 cewa masu wani ciwon suga da ke bayyana kafin jariri ya cika wata shida, saboda sauyi a ƙwayar halitta guda, kusan tara cikin goma sun iya barin allura suka koma shan ƙwaya, sugansu ma ya fi daidaita. A Afirka kuma akwai wani nau'i da likitoci a Najeriya suka bayyana tun wajen shekarun 1970: mutum ya zo asibiti rai a hannun Allah, a ceto shi da insulin, bayan 'yan watanni ya daina buƙatarsa na wani lokaci. Wanda ya ga haka yana shan wani jiƙo zai rantse jiƙon ne ya warkar da shi, ya kuma tallata wa mai nau'i na 1, wanda barin allura zai iya kashewa cikin kwanaki.

Mai ja zai ce wannan duk zancen ƙasashen masu kuɗi ne, ina talaka zai ga gwajin ƙwayoyin halitta? Gaskiya ne gwajin yana da tsada, sai dai yawancin abin da ke raba majinyata likita na iya gano shi da tambaya da awo mai sauƙi: shekarun da ciwon ya fara, mutum siriri ne ko mai ƙiba, ko ciwon ya bi iyaye da kakanni, da lafiyar ƙoda, domin ba a ba mai ƙodar da ta yi rauni sosai metformin. Akwai kuma abin da mutum ke sha a gefe bai faɗa ba, irin su dexamethasone da wasu ke haɗiya don su yi ƙiba, alhali yana tayar da suga. Hatta ma'aunin kansa yana iya yaudara: gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, yakan ba da sakamakon da ba daidai ba ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Lokaci ma yana sauya jiki ɗaya. A nau'i na 2 ƙarfin fankiriyas raguwa yake yi shekara bayan shekara, don haka ƙwayar da ta riƙe mutum a farko tana iya gazawa daga baya ko da bai taɓa karya doka ba. Idan likita ya ƙara masa magani na biyu ko ya mayar da shi kan allura, ciwon ne ya matsa gaba, shi kuma likitan ya bi shi.