BABI NA HUƊU: KWATANTA TSARIN FARKO NA WASAN HALF-LIFE 2 DA WANDA AKA FITAR KASUWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da labarin baƙar makoma, wato ƙagaggen labarin da ke siffanta wani zamani mai zuwa wanda zalunci ya yi wa jama'a katutu, har ya zamanto ba su da ta cewa a kan rayuwarsu. A wannan babi kuwa za a ɗauki wasan kwamfuta guda ɗaya mai irin wannan jigo, wato Half-Life 2, a kwatanta yadda aka tsara shi tun farko da kuma yadda ya fito a ƙarshe. Dalilin zaɓen wannan wasa shi ne, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin wasannin da tsarinsu na farko ya fito fili, har jama'a suka gan shi. Tun daga lokacin wasu masu sha'awar wasan suke ganin cewa na farkon ya fi ban tsoro, kuma ya fi faɗin gaskiya game da mulkin danniya, wai kamfanin ya sassauta labarin ne kawai. Wannan babi zai yi ƙoƙarin auna wannan ra'ayi.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Wasan

Kamfanin Valve da ke jihar Washington ta ƙasar Amurka shi ne ya ƙirƙiro wannan wasa. Gabe Newell da Mike Harrington ne suka kafa kamfanin a shekarar 1996, suka kuma fitar da Half-Life na farko a watan Nuwamba na 1998. Ba a daɗe ba aka shiga aikin na biyu, a cikin 1999. Marc Laidlaw shi ne marubucin labarin, shi kuma Viktor Antonov, haifaffen birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya, shi ya jagoranci zanen birnin da labarin ya gudana a ciki.

An nuna wasan ga jama'a a bikin baje kolin wasanni na E3 a birnin Los Angeles a watan Mayu na 2003, aka kuma yi alkawarin fitar da shi ranar 30 ga Satumba na wannan shekara. Alkawarin bai cika ba, domin aikin bai kammala ba. Ana cikin haka sai wani matashi Bajamushe ya yi kutse cikin kwamfutocin kamfanin ya kwashi aikin da ake ciki, kafin a ankara ya bazu a intanet a farkon watan Oktoba. Sai ranar 16 ga Nuwamba, 2004 wasan ya shiga kasuwa.

4.2 Inda Aka Samo Tsarin Farko

Kafin a shiga kwatantawa, ya kamata a fayyace wani abu da ke rikita mutane da yawa. Abin da ake kira tsarin farko ba wani kammalallen wasa ba ne da aka gama aka ajiye. An tattaro shi ne daga wurare biyu. Na farko shi ne kayan da aka sace a 2003, waɗanda suka ƙunshi tsofaffin taswirorin wurare da aka fara ginawa aka watsar, da muryoyi, da siffofin halittu. Na biyu shi ne littafin Half-Life 2: Raising the Bar na David Hodgson, wanda aka buga a 2004 da yardar kamfanin, yana ɗauke da zane-zanen farko da gajerun labaran da Laidlaw ya rubuta don nuna wa abokan aikinsa yanayin da yake nufi. Shi kansa wasan da aka sace ya riga ya yi kama ƙwarai da wanda aka fitar. Mafi yawan abubuwan da ake yabawa da duhu na shekarun farko ne na aikin, kuma da yawansu ba su wuce zane da rubutu ba. Saboda haka duk inda aka ce tsarin farko a wannan babi, ana nufin wannan tarin shawarwari.

4.3 Tubalan da Ba Su Canza Ba

A duka tsare-tsaren biyu ƙashin bayan labarin ɗaya ne. Wasu mahara daga wata duniya, waɗanda ake kira Combine, sun ci duniyarmu da yaƙi, sun tattara sauran mutanen da suka tsira cikin birane masu lamba a maimakon suna. Tauraron wasan, Gordon Freeman, masanin kimiyya ne da ya iso birni mai lamba 17 ta jirgin ƙasa, ya tarar da wata doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakiyar birnin, daga nan ake gudanar da mulki. Akwai ɗan'adam guda da ya zama kakakin maharan, akwai kuma 'yan tawaye da ke aiki a ɓoye. Inda aka sami bambanci shi ne yadda aka nuna wa mai wasa wannan zalunci, kuma za a dubi wannan ta fuska huɗu.

4.4 Kwatantawa

4.4.1 Iska da Yanayin Birni

A tsarin farko birnin a cikin duhu yake, hayaƙi ya turnuƙe sararin samaniya. Maharan sun gina wata ƙatuwar masana'anta da ake kira Air Exchange, aikinta shi ne ta zuƙe iskar da ɗan'adam ke shaƙa ta musanya ta da gurɓatacciya. Don haka aka zana talakawa sanye da takunkumin numfashi, ba a ganin fuskokinsu. A wasan da aka fitar an cire wannan masana'anta baki ɗaya. Mai wasa yana sauka daga jirgi ne da rana tsaka, ya tarar da tsohon birni irin na gabashin Turai, da gidaje da tituna kamar na ko'ina. Mutane sanye suke da shuɗiyar tufa iri ɗaya, fuskokinsu a buɗe, gajiya da fargaba a bayyane. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma cire takunkumin shi ya ba mai wasa damar yin wannan tambaya.

4.4.2 Ruwa

A tsarin farko an shirya cewa mai wasa zai ratsa wata hamada wadda a da teku ce, maharan suka janye ruwanta. Daga nan zai hau wani jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara mai suna Borealis zuwa can ƙuryar arewacin duniya. A wanda aka fitar ba a yi wannan doguwar tafiya ba, kuma ba wanda ya tsaya ya yi wa mai wasa lacca a kan janye teku. Abin da zai gani a gaɓar teku shi ne jiragen ruwa zaune a kan yashi, da gadojin da jirage ke tsayawa sun yi tsororo sama, ruwa ya ja baya ya bar su. Haka kuma tun a tashar jirgin ƙasa akwai wani bawan Allah da ke gargaɗin cewa kada a sha ruwan garin, domin ana zuba masa abin da ke sa mantuwa.

Wannan salo ba zai yi wa mutumin Kura ko Bunkure wuyar fahimta ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin gwamnatin Audu Baƙo, noman rani na shinkafa da alkama da tumatir a yankin Kadawa ya dogara ne ga ruwan da ake sakowa ta babbar hanyar ruwa. Manomin wannan yanki in ya fito da safe ya ga alamar da ruwa ya bari a jikin siminti, shi kuwa ruwan ya yi ƙasa, ba ya bukatar sanarwa kafin gabansa ya faɗi, domin ya san ruwa ba ya tsami banza. Haka masuntan Tafkin Chadi suka ga gaɓa ta guje wa garuruwansu bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ba ana kwatanta aikin noman rani da zalunci ba ne, domin alherinsa ga yankin a fili yake. Abin nufi shi ne, wanda rayuwarsa ta rataya ga ruwan da makullinsa ke hannun wani, alama kaɗan ta ishe shi, kuma irin wannan alama masu wasan suka zaɓa.

4.4.3 Yara

Nan ne bambancin ya fi fitowa. A tsarin farko an nuna yara ƙanana suna aikin bauta a masana'antun maharan, suna harhaɗa kayan da za a yi amfani da su a kan iyayensu. An kuma shirya wani gidan wasan kwamfuta inda 'yan birni ke wasa suna ta kashe mutane a allo, ba tare da sanin cewa na'urori na gaske masu wuƙaƙe suke sarrafawa ba, kuma 'yan'uwansu masu gudu suke hallakawa. A wasan da aka fitar babu yaro ko ɗaya. Labarin ya nuna cewa maharan sun kafa wata na'ura da ta hana haihuwa a duniya. Abin da mai wasa zai tarar shi ne filin wasan yara wayam, ga lilo, ga 'yartsana a yashe a ƙasa.

A ganin wannan nazari, na biyun ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Yaron da ke bauta yana da ran da zai girma wata rana ya ƙwaci kansa. Al'ummar da aka hana ta haihuwa kuwa an riga an yanke mata hukunci, jira kawai ake yi ta ƙare. Ga Bahaushe, wanda ke auna arzikin gida da yawan zuriya, yake kuma yi wa wanda ya rasu addu'ar Allah ya albarkaci bayansa, babu baƙar makomar da ta kai gari babu kukan jariri.

4.4.4 Shugaba da Masu Tsaro

A tsarin farko kakakin maharan ana kiransa Consul, kuma an zana wata halitta mai suna Cremator da ke bin tituna tana ƙone gawawwaki. A wanda aka fitar, Consul ya koma Dakta Wallace Breen, tsohon shugaban cibiyar binciken da Freeman ya yi aiki, wanda ya miƙa wuyan duniya bayan yaƙin da bai wuce awa bakwai ba. Breen dattijo ne mai furfura da taushin murya, yana fitowa a manyan alluna yana yi wa jama'a maraba, har yana karanta wasiƙar wani ɗan ƙasa yana ba da amsa, yana nuna musu cewa hana haihuwa ci gaba ne. Su kuma 'yan sandan birnin mutane ne 'yan'uwansu da suka shiga aikin don samun abinci mai kyau. Tun a farkon wasa ɗaya daga cikinsu zai ture gwangwani ƙasa da gangan ya umarci mai wasa ya ɗauka, in ya ƙi ya bi shi da kulki. Wannan ɗan ƙaramin wulaƙanci duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙaramin iko ya san ɗacinsa, alhali ba wanda ya taɓa haɗuwa da dodo mai ƙone gawa.

4.5 Dalilan Canjin

Dalili na farko shi ne girman aikin. Tafiyar da aka tsara daga birni zuwa hamada zuwa ƙanƙarar arewa ta fi ƙarfin lokaci da ma'aikatan da ake da su, dole aka taƙaita. An haɗe wasu taurari biyu, wato Kyaftin Vance da Eli Maxwell, suka zama mutum ɗaya, Eli Vance, mahaifin Alyx. An kuma rage yawan makamai.

Dalili na biyu shi ne bambancin wasa da littafi ko fim. Abin da ya yi kyau a zane ba lalle ne ya yi daɗin bugawa ba. Misali, wata halitta mai suna Hydra, wadda aka nuna a bikin 2003 ta kuma burge 'yan kallo, an cire ta ne saboda an gano cewa faɗa da ita ba ya da armashi ga mai wasa. A maimakon haka aka mayar da hankali ga bindigar nan mai jawo abubuwa ta cilla su, wadda ta zama tambarin wasan.

Dalili na uku, wanda ra'ayin mai wannan nazari ne, shi ne cewa kamfanin ya kashe ƙarfinsa wajen sa fuskokin taurari su riƙa motsi kamar na mutane, kuma wannan aiki zai tashi a banza in aka rufe fuskokin da takunkumi a cikin duhu.

Ya kamata kuma a lura cewa wasan da aka fitar bai rasa nasa abin firgici ba. Akwai garin Ravenholm da maharan suka yi wa ruwan miyagun halittu har mutanensa suka zama gawa mai tafiya, akwai kurkukun Nova Prospekt, akwai kuma fursunonin da aka yanke wa gaɓoɓi aka mayar da su bayin cikin hasumiya. Wasu shawarwarin ma ajiye su aka yi, domin jirgin Borealis ya sake ɓullowa a ci gaban labarin da aka fitar a 2007.

4.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa jigon wasan bai canza ba, salon isar da shi ne ya canza. Tsarin farko yana ɗora zalunci a gaban mai wasa ƙuru-ƙuru, wanda aka fitar kuwa yana barin sa ya gano da kansa ta hanyar abin da ya ɓace, wato yara da ruwa da tunanin jiya. Masu fifita tsarin farko suna da hujja ta fuska ɗaya, domin an yi asarar gidan wasan nan da ke mayar da mai wasa makashi bai sani ba, wanda da ya zama suka mai kaifi ga su kansu masu buga wasanni. Amma kuma suna kwatanta aikin da aka gama, mai kurakuran da kowa ya gani, da aikin da ba a taɓa gamawa ba, wanda kowa ke cike giɓinsa da abin da ransa ke so, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga manazarcin adabin Hausa. Littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai da suka bi ta hannun R. M. East a Zariya aka yi musu gyara kafin a buga su, kuma da abin da aka buga ake yi musu hukunci. Rubutun farko yana da amfani wajen gane yadda mai fasaha ya yi tunani da abin da ya zaɓa ya bari. A babi na biyar za a dubi yadda za a yi amfani da wannan darasi wajen tsara labarin baƙar makoma da harshen Hausa.