Manyan Dodannin Hoto: Yadda Ake Shigar Da Su Kwamfuta A Gida

A shekarar 1948 Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako, babban birnin Mali. Fim ɗin da ya fi aiki da shi falle-falle ne, faɗinsa santimita 13, tsawonsa 18, ana zura wa kyamara ɗaya bayan ɗaya. Masu zuwa ɗaukar hoto kan karɓi hotonsu daidai girman dodon, ba ƙari. Sai a shekarun 1990, da aka kai dodannin da ya adana Faransa aka wanke su manya-manya, duniya ta ga abin da ke ƙunshe a ciki: adon zannuwa, ƙirar 'yan kunne, har fuskar agogon hannu, kowanne ya fito tangaran.

Sirrin yana ga girman fallen. Dodon ƙaramar kyamara, irin wadda aka saba gani a bukukuwa a da, milimita 24 ne a faɗi, 36 a tsawo. Falle mai inci 4 da 5 ya ninka shi fiye da sau 13, mai inci 8 da 10 kuwa fiye da sau 50. Shi ya sa har yau akwai masu ɗaukar hoto a Amurka da Turai da Japan da suka ƙi rabuwa da kyamara mai ɗaukar babban falle, ga kuma iyalai da suka gaji tarin dodanni daga tsohon shagon mahaifinsu. Dukansu buƙatarsu ɗaya: shigar da hoton kwamfuta ba tare da an kai shi wani kamfani ba.

Sikanar ofis ba za ta yi ba. Ita tana haska takarda ne daga ƙasa, ta karanta hasken da ya dawo. Dodo kuwa dole haske ya ratsa shi, saboda haka ana buƙatar sikana mai fitila a cikin murfinta, kuma fitilar ta wadaci faɗin fallen. Waɗanda suka yi suna a wannan aiki su ne Epson V700 da V850, masu ɗaukar falle har inci 8 da 10. Ƙanwarsu V600 tagar haskenta siririya ce, sai an ɗauki fallen kashi-kashi sannan a haɗe a kwamfuta.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗi mai saye. An rubuta ɗigo 6,400 a kowane inci, amma masu gwaji sun daɗe da nuna cewa abin da idon na'urar ke iya bambancewa bai wuce wajen 2,400 ba. Abin da ya haura haka cika rumbun kwamfuta kawai yake yi. Kuma 2,400 ɗin ma ta isa har ta yi yawa: falle mai inci 4 da 5 zai ba da ɗigo 9,600 a faɗi, 12,000 a tsawo, wato kimanin miliyan 115. Fayil ɗin baƙi-da-fari zai kai megabait 230, mai launi ya ninka haka sau uku.

Inda aikin yake shi ne kwanciyar fallen. Wannan sikana ba ta daidaita idonta da kanta. Akwai wani ɗan tsayi sama da gilashi inda take gani sosai, fallen da ya lanƙwasa ko ya saɓa wa tsayin nan hotonsa zai yi dishi-dishi. Shi ya sa maƙalin da ake sa fim ɗin a ciki ke da 'yan ƙafafu da ake ɗagawa ko a sauke, kuma ya kamata mutum ya gwada kowane mataki har ya gano wanda ya fi kaifi. Idan kuma aka shimfiɗa fallen kai tsaye a kan gilashi, wasu zobba masu launin bakan gizo kan bayyana, kamar man fetur da ya zuba a kududdufi. Ana kiransu zobban Newton, kuma siririyar iskar da ta maƙale tsakanin fim da gilashi ce ke haddasa su. Maganinsu gilashi mai ɗan kaushi da aka yi don haka, ko wani ruwa na musamman da ake manna fallen da shi. Ruwan yana da kyau, amma yana kama wuta, kuma a ganina wahalarsa ta fi ribarsa ga mai farawa.

Sai ƙura. Wanda zai yi wannan aiki a Kano ko Damagaram lokacin hunturu ya san abin da zai tarar. A rufe taga, a kashe fanka, a sa safar hannu, a hure fallen da 'yar robar hura iska, ba da baki ba. Akwai wata fasaha a cikin sikanar, Digital ICE, mai gano ƙura da hasken da ido ba ya gani ta share ta. Tana aiki a fim mai launi, amma ba ta yi a baƙi-da-fari na gargajiya, domin azurfar da ke cikinsa tana tare hasken, sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti. A nan sai haƙuri, a bi ɗigo-ɗigo a goge da hannu.

Wanda ba shi da sikana yana iya ɗora fallen a kan faifan haske, ya ɗauke shi da kyamarar zamani daga sama, kashi huɗu ko shida, ya haɗe. Ko ta wace hanya aka bi, manhaja irin VueScan ko SilverFast ko Negative Lab Pro ce ke juya baƙi ya koma fari. A adana asalin fayil a tsarin TIFF, a bar JPEG don turawa a waya.

Gargaɗi ga masu tsofaffin akwatunan dodanni: idan an buɗe aka ji warin tsami, fim ɗin ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran, a fara da shi. Wanda aka yi kafin farkon shekarun 1950 kuma yana iya zama na naitiret, mai saurin kama wuta, kada a ajiye shi kusa da zafi. Bayan an gama, kada a zubar da dodon don an ga hoto ya shiga kwamfuta. A mayar da kowane falle cikin ambulan ɗinsa, a rubuta suna da shekara, a ajiye wuri mai sanyi marar danshi.